Tauraron Zira'a Ya Rabu Biyu

Yaya Malam Sani, gaisuwa mai yawa da girmamawa. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman Gwanja? Mu nan Ƙarfi lafiya, muna jiran ruwa.

Madubin hangen nesan da ka aiko ya jawo mini magana. Bayan magariba na saita shi a kan Zira'a, taurarin nan biyu da muke lissafin damina da su. Sai na ga na arewan ya rabu biyu, farare tas, manne da juna. Ka san halina, na fara zargin idona. Na goge madubin, na duba ɗan'uwansa, shi ɗaya ne. Na sake dubawa kwana da kwanaki, bai sauya ba.

Da na faɗa a ƙofar masallaci, Liman ya ce, "Malam Ilu, damina biyu za ka ba mu bana?" Aka yi dariya. Na ce, "Allah gafarta Malam, zo ka sa ido." Ya ƙi. Yanzu dattawa sun ce ko in janye, ko su daina tambayata lokacin shuka, su koma wurin malamin garin Tsiga.

Su koma. Lissafin shuka yana nan yadda yake, amma ba zan ƙaryata abin da Allah Ya nuna mini ba.

Ka gaida Yaya Hajo da yara. Ka sa ni a addu'a, kada in ji kunyar dattawa in janye.

Ƙaninka,
Ilu