Almakashin Baba

Litinin, 2 ga Yuni
Baba ya yanka labulen falo. Ya fitar da hannun riga biyu tsaf, kamar har yanzu yana shagonsa na ɗinki. Matar da na ɗauka ta kula da shi ta ce ita kam ba za ta zauna da tsoho mai mantuwa da almakashi a hannu ba. Ta tafi. Ban roƙe ta ba.

Alhamis, 5 ga Yuni
Na sake neman hutu a wurin aiki. Shugabarmu ta ce wannan ne na ƙarshe. To.
Yaya ya kira, wai in ɓoye almakashin. Shi da ke nesa, shawara ba ta yi masa wuya.

Asabar, 14 ga Yuni
Na ɓoye. Tun ranar Baba yana zaune bakin gado, yatsunsa biyu suna buɗewa suna rufewa a kan bargo. Abinci sai da lallashi. Yau ma ya tambaye ni ko ni wace ce. Na ce ni ce, Baba, autarka. Kullum sai na faɗa, kullum sai ya firgita, kamar na zo ƙwace masa wani abu. Ban ji komai ba. Na je na wanke zanen gado.

Talata, 17 ga Yuni
Likita ta ce abin ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Ɗakin jira cike da irina, kowa riƙe da hannun tsohonsa. Ashe muna da yawa haka.

Laraba, 25 ga Yuni
Na mayar wa Baba da almakashinsa. Yaya ya yi ta faɗa, na ajiye wayar a kan firji na bar shi yana yi. Baba ya ci abinci da hannunsa.

Lahadi, 6 ga Yuli
Na ɗauki tsohon mayafi, na ƙwanƙwasa ƙofarsa, na yi sallama. Ya nuna mini kujera da fara'a, yadda yake yi wa masu kawo ɗinki. Ya ciro tef daga wuyansa ya auna ni, hannunsa ko rawa ba ya yi.

“Ina da 'ya mai irin kafaɗar nan taki,” in ji shi. “Ta daina zuwa.”

Sai na ce:

“Wataƙila aiki ne ya riƙe ta, Malam.”

Ya gyaɗa kai, ya ce ai yarinyar kirki ce. Kunya nake ji in rubuta, amma sauƙi na ji. Ya ce in dawo jibi in gwada. Na ce to.