Dardumar Hajji Usman ta koma hannun Bello

Daren Laraba, watan Sha'aban, Sinnar

Yau Hajji Usman ya miƙa wa Bello, abokin sana'ata ta wanki, babbar dardumarsa, wadda nake wankewa shekara da shekaru. Hassada tana cin zuciyata kamar gara a cikin azara.

Wancan mako na jiƙa ta da sabulu har kumfa ta yi fari kamar audugar gonakin Jazira, amma na ɗauraye sau biyu kacal domin rana ta kusa faɗuwa. Ta bushe da tauri, ƙura ta manne mata. Hajji ya shafa, ya ce, "Ya Malam Sani, sabulunka bai fita ba."

Shi Bello sabulu kaɗan yake sawa, ya ɗauraye sau bakwai a bakin kogi.

Na zauna in tsara masa baitin zambo, alƙalami ya ƙi tafiya. Ni na koya masa bakwai ɗin nan.