Kunnen da ya fito a katakon Baba

Litinin, 3 ga Agusta
Wani abu ya tsiro a katakon rufin ɗakin Baba. Ruwan ƙasa ne, mai laushi, kamar kunnen mutum. Na taɓa shi da sandar tsintsiya, ya yi rawa kamar daskararren kitse. Ba lemar kwaɗi ba ce, ba shi da ƙafa. Baba na ta kallonsa yana gurnani. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye, gurnanin ne maganarsa.

Talata, 4 ga Agusta
An yi rana, ya ƙanƙance ya yi baƙi. Ruwa na sauka ya sake kumbura. Nan na gane shi. Ina ƙarama, a shagonsa na kafinta, Baba ya taɓa ganin irinsa a wani katako, ya ce: "Duk katakon da ya fitar da wannan, cikinsa ya zama gari. A jefar." Ranar ya mare ni don na tambayi dalili.

Katakon nan shi ya ratsa ta saman gadonsa. Da hannunsa ya kafa shi, kuma ba wanda bai sha labarin ba.

Alhamis, 6 ga Agusta
Baba ya ɗaga ido sama, ya kalle ni. Na san katakon yake nufi. Na ce, "Baba, fanka kake so?" Na kunna masa. Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Da dare na kashe masa rediyon da yake so, kamar kullum.

Asabar, 8 ga Agusta
Yayana ya kira. Ɗan lele, mai gadon shago. "Yaya jikin Baba?" Na ce lafiya lau. Ni ce mai wanke kashi, ni ce mai kwana a tabarma gefen gado, shi kuwa waya.

Lahadi, 9 ga Agusta
Kunnuwan sun zama uku. Garin katako a kan zanin gadonsa. Na karkaɗe.

Laraba, 12 ga Agusta
Na ja gadon zuwa jikin taga. Don shara ne kawai, ƙura ta taru a ƙarƙashi.

Bai daina gurnanin ba, har ma ya ƙara. Na ce, "To me kuma? Ba na kawar da kai ba?" Idonsa ya tafi sama, ya sauko, amma ba kan gadon ba. Kan tabarmata, inda nake ajiye kaina. Kunnuwan daidai saman wurin suke.

Na naɗe tabarmar. Sai ya yi shiru.

Yau ban kashe masa rediyo ba.