Rahmatu Ta Gyara Mini Turancina

Ɗambatta, cikin bazarar 1956

Zuwa ga yayana Malam Sammani, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Jumma da yara, ya kuma sa albarka a cinikin goron. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa gidan Indo da kanta. Jakar Usaini ta haihu, an kusa gama kai taki gonaki, yanzu ruwa kawai muke jira.

Yaya, labarin 'yarka Rahmatu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da aka ba ni aikin malamin gona, dole in riƙa rubuta rahoto da Turanci zuwa ofis a Kano, alhali Turancin nawa bai wuce na elementare ba. To, daminar da ta wuce kuturtar gyaɗa ta shigo mana. Ganye ya nannaɗe, gonaki da yawa ko irin shuka ba su mayar ba. Na zauna na rubuta abin da na iya: an yi ruwa, an shuka gyaɗa, gyaɗa ta tsiro, cuta ta zo. Kowace magana ita kaɗai, da ɗigonta. Da amsa ta zo sai aka ce tunda ruwa ya samu kuma gyaɗa ta tsiro, ƙasarmu ba ta cikin waɗanda za a ba sabon iri. Wallahi kwanakin nan ko tuwo ba na jin daɗinsa, don manoma ni suke kallo, ni kuwa na san alƙalamina ne ya gaza.

Ana haka Rahmatu ta zo hutu daga makarantar 'yan mata. Ta same ni a zaure da hantsi na tasa takarda gaba, ta durƙusa ta gaishe ni, ta nemi izini ta duba. Da ta karanta sai ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya. Ta ce mini duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ban gaya wa Baturen gona abin da ya jawo wani ba. Sai ta sa na ba ta labarin da Hausa. Ina buɗe baki na ce ko da yake an yi ruwa sosai, gyaɗar ta lalace domin cutar ta kama ta tun kafin ta yi fure. Ta ce to shi ke nan, Turanci ma yana da nasa "ko da yake" da "domin" da "wanda" da "idan", su ne nake tsallakewa don tsoron kuskure.

Haka muka yi ta yi duk hutun nan a gindin ɗorawar ƙofar gida. Takan ba ni gajerun jimloli biyu ta ce in haɗa su. Da fari na yi zari, na rubuta jimla guda mai cin rabin shafi, har ni kaina na manta inda na faro. Ta ce in karanta da ƙarfi, duk inda numfashina ya ƙare a nan ya kamata in tsaya. Inna tana zaune tana kaɗi tana jinmu, har ta haddace kalma ɗaya, wato "domin" ta Turanci, yanzu ba ta kirana da komai sai Malam Bikos.

Na sake rubuta rahoton da hannuna, Rahmatu ba ta taɓa alƙalamin ba. Na bayyana cewa idan ba a kawo iri kafin ruwan fari ba, manoman da cutar ta cinye wa gona ba za su shuka gyaɗa bana ba. Ba a daɗe ba sai ga Baturen da kansa. Ya zaga ƙauyuka, ya leƙa rumbuna, ya ce sai yanzu ya fahimci abin da ya faru. Ran kasuwar da ta wuce motar iri ta iso, Yaya da ka ga yadda mata suka yi ta guɗa. Malam Iliyasu mai unguwa ya aiko wa Rahmatu da zabi biyu.

Ga roƙona. Malamanta suna so ta zarce ta koyi aikin koyarwa, ita ma tana so, amma ta ce ba za ta amsa ba sai da yardar mahaifinta. Ni dai na zauna gabanta na ɗauki karatu, na ga haƙurinta da iya bayaninta, kuma ban ji ta ɗaga mini murya ko sau ɗaya ba. Inna ta riga ta sa albarka. Ka amince mata, Yaya, ka aiko da amsa ta hannun fataken da za su taso.

Inna tana gaishe ka ƙwarai. Indo, Usaini da matata Luba duk suna gaisuwa. A gaishe da Yaya Jumma, da Basiru da Badaru. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Tasi'u, ɗalibin 'yarka.