Ashe Ciwon Suga Ne

Daren Laraba, Maris 2006, Kura

Yau maigida ya dawo daga asibiti a Kano. Likita ya auna jininsa, ya ce ciwon suga ne ya kashe masa ƙarfin namiji, kuma da magani zai samu sauƙi. Tun bara yake ɗirkar jiƙe-jiƙen masu lasifika na kasuwa, Innarsa tana yaɗa wa dangi wai ni na yi masa asiri. Bai taɓa buɗe baki ya kare ni ba.

Na zauna ina jiran ya ba ni haƙuri. Sai ya ce, "Daga gobe kar ki sa min suga a koko."

Na ce to. Gobe ko ya faɗa wa Inna da bakinsa, ko ni in je in faɗa.