Ranar da Aka Auna Motar Baba

Dokkum, farkon Satumba

Zuwa ga Yayata Hilke,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma aikin asibiti da sauƙi. Mu nan lafiya, sai gwiwoyin Mama da suka fara ciwo tun sanyin bai kankama ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ni da biro ba mu daɗe tare ba. Na ɗauki takarda ne don in na kira ki a waya Baba yana jin komai ta bango.

An dai sayi motar kwanan, irin mai gado da kicin a ciki. Kin tuna alkawarinsa, cewa in ya yi ritaya zai kai Mama kudancin Sifen ta wuce lokacin sanyi a cikin rana. Likita ma ya ce ɗumi zai sassauta mata ƙafafun. Mama ta zaɓi wannan motar ne saboda wata 'yar taga a rufi, daidai saman gadonta, ta ce tana so ta farka ta ga sama ba gajimare.

Ni aka ba aikin sa sola. Abu biyu Mama take buƙata, bargonta mai lantarki da cajin kekenta mai batir, irin na masu ciwon ƙafa. Farantin sola biyu da batir ɗaya sun isa. In na tashi daga shagon kekuna sai in hau rufin, in wanke, in goge, in shafa gam, in jira ya kama. Rami ɗaya na huda na zura waya, na toshe shi yadda ruwa ba zai shiga ba. Baba yana ƙasa wai yana riƙe mini tsani. Hannu ɗaya a aljihu, ɗaya da waya, yana karanto mini abin da na riga na gama.

Da an tsaya nan da shi ke nan. Amma akwai Wiebe, shugaban ƙungiyar masu motocin kwana, wani tsoho mai gajeren wando ko ana ruwan ƙanƙara. Duk Alhamis suna taruwa a filin ajiye motoci na bayan kanti, kowa ya fito da waya yana nuna yadda batirinsa ya cika, kamar masu nuna hoton jika. Abin alfaharinsu a duniya shi ne ba su taɓa jona wutar kowa ba. Wiebe ya leƙa rufinmu ya ce wa Baba, "Douwe, wannan na cajin buroshin haƙori ne?" Aka yi dariya. Kunnuwan Baba suka yi ja har muka iso gida.

Ki gaishe da yara. Mama tana gaishe ki.

Ƙanenki,
Siebe

Dokkum, tsakiyar Oktoba

Yaya Hilke,

Bayan gaisuwa, ina fata murar ɗanki ta sake shi, ke ma kina samun barci. Na ga saƙonki. Kin ce in yi wa Baba magana. Na yi. Ya ce wanda bai gama makaranta ba ya riƙe sukudireba ya yi shiru. Na riƙe.

Yanzu rufin nan ko tattabara ba ta da wurin sauka. Faranti na ƙarshe bai samu gurbi ba sai kan 'yar tagar Mama, kuma da hannuna na manna shi. Da ta shiga ta ɗaga kai ta ga baƙin ƙarfe, sai ta tambaye ni ko zan sha kofi. Batura sun zama uku, kowanne sai mutum biyu sun ɗaga. Akwatinsu ya cinye wurin da aka tanada wa kekenta, Baba ya ce za a rataya shi a baya. An ƙara babbar inbata, da injin kofi irin na Wiebe, da tasar talabijin mai juya kanta.

Ba zan yi masa ƙarya ba, aikin yana yi. Duk abin da ya karanto daidai ne, ko rana ta ɗan leƙo wuta tana shiga. Abin da ya dame ni shi ne tun da aka fara ban ji ya ambaci bargon nan ko sau ɗaya ba.

Sabuwar damuwarsa nauyi ce. Lasisinsa bai yarda motar ta wuce tan uku da rabi ba, kuma 'yan ƙungiya sun tsorata shi cewa a hanyar Faransa ana tsayar da mutane a auna su. Neman babban lasisi kuwa sai likita ya duba idonsa, ba zai je ba. Don haka ya sauko da sikelin banɗaki falo, yana auna cokula da tawul. Tukunyar ƙarfen Mama ta faɗi jarrabawa. Littattafanta sun faɗi. Matashinta mai tsawo da take sa wa ƙarƙashin gwiwa ya faɗi. Nasa kayan ba a auna su, wai su kayan aiki ne.

Ranar haihuwarsa an zauna da'ira a falo kamar kullum, kowa da yankan kek ɗaya a cinya. Maza suka kwashe yamma suna maganar kaurin waya. Matar Wiebe ta matso kusa da Mama ta ce, "Aukje, ki tafi da abin saƙa da yawa. Ni bara bangon kanti na kalla har bazara, Wiebe yana kan rufin mota yana goge faranti." Ta yi dariya. Mama ba ta taya ta ba.

Za su tashi farkon Nuwamba. Ki yi mana fatan alheri.

Naki,
Siebe

Dokkum, ƙarshen Nuwamba

Yayata,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Na san kin ji labari ta bakin Baba, to ga yadda aka yi, don ina wurin.

Ranar tafiya muka biya ta sikelin manoman dankali a bakin gari, inda ake auna manyan motoci. Sietse ne a kan aikin, wanda kuka yi aji ɗaya da ƙanwarsa. Wiebe da mutanensa sun zo rakiya, sun jera motocinsu. Ana yayyafi. Mama tana kujerar gaba da sabon mayafinta, ta gyara gashi tun safe.

Baba ya hau sikeli. Sietse ya leƙo ta taga ya ce, "Kawu Douwe, ka yi ƙiba." Nauyi ya wuce, kuma ba kaɗan ba. Aka zubar da ruwan tanki a ƙasa. Aka sauke tukunyar gas ta biyu da kujerun zama waje. Bai isa ba. Na ce masa a hankali a cire batir ɗaya, in ya so na sake haɗa wayoyin nan take. Ya dube ni kamar na ce a yanke masa ƙafa. Wiebe kuwa ya ɗaga murya ya ce, "Batir biyu? Sai ka riƙa bin gidajen mutane da filogi a hannu, kana sallama." Aka sake dariya.

Sai na ga idon Baba ya koma bayan mota, inda keken Mama yake rataye. Ya gyara murya ya fara cewa ai a Sifen ƙasa a shimfiɗe take, kuma likita da kansa ya ce tattaki yana da amfani. Yaya, matar da ba ta iya zuwa wurin mai burodi da ƙafarta.

Bai ƙarasa ba Mama ta buɗe ƙofa. Kin san yadda saukowa take mata wuya. Ta sauko ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda kowa ya kama ta ba. Ta ce, "Siebe, sauko mini da kekena." Na sauko da shi. Ta zauna, ta kunna, ta gangara daga kan sikelin, ta juyo ta ce, "Sietse, ɗana, sake dubawa."

Sietse ya duba, ya yi ƙasa da murya ya ce yanzu ya yi, har da rara.

Abin da ba zan manta ba shi ne fuskar Baba. Ya kalli lambar nan ya yi murmushi. Na ɗan lokaci ne, amma kowa ya gani, Mama ma ta gani. Daga baya ya tuna kansa, ya ce, "Haba Aukje, bar wasa, hau mu tafi, mutane na kallo." Ta ce, "Ai ka samu daidai, Douwe. A sauka lafiya." Ta kama hanyar kekuna ta nufi gida cikin yayyafi, ni ina tafe a gefenta da jakarta. Ba ta yi kuka ba. A hanya ta ce in tsaya in sayo kifi.

Ya kwana biyu a gida yana buɗe ƙofofi da ƙarfi, yana jira a ba shi haƙuri. Ba wanda ya ba shi. Rana ta uku ya bi ayarin Wiebe, wai gwaji zai yi ya dawo ya ɗauke ta. Mama ta ce in kwashe sauran kayanta daga motar kafin ya tashi, har da silifas.

Gwiwoyin suna damunta, ba zan ɓoye miki ba, bana ma a nan za ta sha sanyin. Ina dawowa da wuri in kunna mata wuta. Kada ki kira shi ki yi faɗa, ta ce ba ta so.

Jiya ya bugo daga Sifen. Ya ce rana tana dukan farantan tun safe, batura sun cika fal har an rasa inda za a zuba wutar, ko Wiebe bai kai shi ba. Mama tana kujerarta tana jin komai. Ta ce in tambaye shi me yake kunnawa da ita. Na tambaya. Sai ya tambaye ni ko ana ruwa a Dokkum.

Ki zo da yara hutun ƙarshen shekara in da hali. Mama tana gaishe ku ƙwarai.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Siebe