Saƙon malamar shawara

Salamu alaikum Habu, ɗana. Ya Tarabulus, ya aiki, ya jikin Hadiza?

Raina a ɓace yake. 'Yarka Rabi sati uku ba ta leƙa makaranta ba, shagon kitso take zuwa. Lokacinka, malamin shawara na makaranta da ƙafarsa yake zuwa har nan Hajara, ya zauna a tabarmata. Malamar yanzu wai ɗalibai sun yi mata yawa, sai ta turo rubutu a waya. Ni da ban san alif ba! Na ba Rabi ta karanta mini, ta ce gaisuwa ce. Har albarka na sa wa malamar, ashe gargaɗi ne kan rashin zuwan Rabi!

Yanzu hukumar makaranta sun aiko cewa in uba bai zo ran Alhamis ba, za su kore ta. Ka taho. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hadiza.

Uwarka, Tabawa